C. V. Raman: Akantan Gwamnati Da Ya Gano Sirrin Haske

Duk wanda ya taɓa ganin jami'an hukumar NAFDAC suna duba magani da wata 'yar na'urar hannu mai suna TruScan, su ɗora ta a jikin ƙwaya, cikin ɗan lokaci ta nuna ko na gaske ne ko jabu, to ya ga aikin wani Ba'indiye da ya rasu tun 1970. Na'urar tana harba hasken leza ne a kan maganin, ta karanci hasken da ya dawo, ta gane sinadaran da ke ciki. Wanda ya gano cewa hasken da ya dawo yana ɗauke da wannan bayani shi ne Chandrasekhara Venkata Raman, mutumin farko daga nahiyar Asiya da ya samu kyautar Nobel a fannin kimiyya.

Abin da ya sa muka kawo tarihinsa a wannan fitowa shi ne yadda ya yi daidai da halin da da yawa daga cikinmu ke ciki. Raman bai yi karatu a Turai ba. Bai fara aiki a matsayin malamin jami'a ba. Ɗakin gwaje-gwajen da ya fara amfani da shi ƙura ce ta rufe shi. Abin da ya ɗaga shi, bayan ƙwaƙwalwar da Allah Ya ba shi, shi ne ƙungiyar masana da ya shiga, da tarurrukan da ya halarta, da ɗaliban da ya tara, da kuma yadda ya iya kai aikinsa gaban mutanen da suka dace. Daga baya da ya rufe wa kansa waɗannan ƙofofi, shi ma ya ga sakamakon hakan.

Yaron da likita ya hana tafiya Ingila

An haifi Raman ranar 7 ga Nuwamba, 1888, a garin Tiruchirappalli da ke kudancin Indiya, lokacin ƙasar tana ƙarƙashin mulkin Turawan Ingila. Mahaifinsa malamin lissafi da fiziks ne, kuma tun yaron yana ƙarami suka koma Visakhapatnam inda uban ya samu aikin koyarwa a kwaleji. Gida ne na littattafai da kayan kiɗa. Raman ya gama sakandare yana ɗan shekara 11. Ya shiga Kwalejin Presidency ta Madaras, ya samu digirin farko a 1904 yana ɗan shekara 16, har da lambar zinariya a fiziks, sannan ya kammala digiri na biyu a 1907.

Yana cikin karatun digiri na biyun ne ya yi wani gwaji a ɗakin gwaje-gwajen kwalejin a kan yadda haske ke lanƙwasa idan ya ratsa ta siririyar kafa. Ya rubuta sakamakon ya aika wa mujallar Philosophical Magazine ta Landan, suka buga a 1906. Shekararsa 18 a lokacin. Ku duba fa, ɗalibi ne kamar ni da ku, bai jira an ce masa ya isa ba.

Malamansa sun so ya wuce Ingila ƙaro ilimi, kamar yadda hazikan Indiya ke yi a zamanin. Sai likitan da ya duba shi ya ce jikinsa ba zai jure sanyin can ba. A Indiya kuwa babu wata hanya ta zama mai binciken kimiyya a ci abinci da shi. Don haka ya zauna jarrabawar shiga ma'aikatar kuɗi ta gwamnati, ya zo na ɗaya, aka tura shi Kalkata a 1907 a matsayin mataimakin babban akanta. A shekarar ne kuma ya auri Lokasundari Ammal. Albashi mai tsoka, matsayi babba, ga amarya. Wani da ya samu haka, ai shi ke nan, an rufe littafi.

Allon da ya hango daga cikin tarago

Wata rana yana cikin taragon da ke zirga-zirga a titunan Kalkata, sai idonsa ya faɗa kan wani allo a gida mai lamba 210 a titin Bowbazar. Allon na Ƙungiyar Raya Kimiyya ta Indiya ne. Wani likita mai suna Mahendralal Sircar ne ya kafa ta a 1876, da burin 'yan ƙasa su samu wurin yin bincike na kansu ba tare da jiran Bature ba. Ya rasu a 1904 burin bai cika ba. Akwai zauren lakca, akwai ɗakuna, akwai wasu kayan aiki, amma babu mai bincike. Raman ya ƙwanƙwasa ƙofa. Wanda ya buɗe masa shi ne Ashutosh Dey, ma'aikacin wurin, wanda daga nan ya zama na hannun damansa shekara da shekaru. Aka haɗa shi da sakataren ƙungiyar, Amrita Lal Sircar, ɗan wanda ya kafa ta, shi kuwa ya ba shi izinin amfani da wurin duk lokacin da ya ga dama.

Tsawon kusan shekara goma haka rayuwarsa ta kasance: tun da asuba yana ɗakin gwaji, da hantsi ya tafi ofis ya yi lissafin kuɗin gwamnati, da yamma ya dawo ya ci gaba har dare. An yi masa canjin wurin aiki zuwa Rangun a 1909, daga nan Nagpur, amma ko a can ya mayar da gidansa ɗakin gwaji har ya dawo Kalkata a 1911. 'Yan uwanmu masu karatun yamma da na ƙarshen mako, waɗanda ke fitowa daga ofis ko shago su shigo aji a gajiye, sun fi kowa sanin nauyin wannan.

A waɗannan shekaru ya fi mayar da hankali ne kan sauti. Ya binciki yadda tsirkiyar goge irin na Turawa ke rawa idan an goga mata baka. Ya binciki gangunan Indiya, wato mridangam da tabla, wannan da muke ji a waƙoƙin finafinansu, ya nuna cewa baƙin haɗin da ake mannawa a tsakiyar fatar shi ke sa amonsu ya fito da tsari kamar na kayan kiɗa masu tsirkiya. Kayan da ke gabansa ya ɗauka ya yi kimiyya da su, kuma mujallun Ingila da Amurka suka riƙa buga aikin.

Shugaban Jami'ar Kalkata na lokacin, Ashutosh Mukherjee, yana biye da shi. Ya yi masa tayin kujerar farfesan fiziks ta Palit. Sharaɗin kujerar shi ne sai wanda ya samu horo a ƙasar waje, Raman ya ƙi yarda ya tafi neman wannan horo, ƙarshe aka ɗage masa sharaɗin. A 1917 ya ajiye aikin gwamnati ya koma jami'a, albashinsa ya ragu da kusan rabi. Bayan shekara biyu, da Amrita Lal ya rasu, ya zama sakataren ƙungiyar ta Bowbazar. Daga nan matasa suka fara tururuwa zuwa wurinsa daga sassan Indiya.

Taron Okusfod da launin teku

A 1921 ne Raman ya fara taka ƙasar waje, yana da shekara 32. Jami'arsa ce ta tura shi wakilci a taron jami'o'in daular Ingila da aka yi a Okusfod. Ba ma taron kimiyya ba ne, na shugabannin jami'o'i ne. Amma ya yi amfani da damar ya gana da manyan da a da sunayensu kawai yake gani a takarda, irin su J. J. Thomson da Ernest Rutherford da William Bragg. Ko yawon buɗe ido da ya je babban cocin St Paul a Landan, sai da ya tsaya ya yi gwaji a kan barandar nan da ke cikin ƙubba, wadda in mutum ya yi raɗa a gefe guda ake ji a ɗaya gefen, ya kuma rubuta takarda a kai.

A hanyar dawowa cikin jirgin ruwa mai suna Narkunda, a watan Satumba, shuɗin Bahar Rum ya ɗauke masa hankali. A lokacin, bayanin da kowa ya yarda da shi shi ne na Lord Rayleigh, babban masanin da ya bayyana dalilin da ya sa sama take shuɗiya. Rayleigh yana ganin shuɗin teku hoton sama ne kawai a kan ruwa, kamar madubi. Raman yana da 'yan kayan aiki a jakarsa, ciki har da wani ɗan gilashi mai suna Nicol wanda ke iya tare hasken da ya dawo daga fuskar ruwa. Ya leƙa teku ta cikinsa, ya kawar da hoton sama gaba ɗaya. Da maganar Rayleigh daidai ce, da shuɗin ya ɓace. Sai ma ya ƙara kauri. Ke nan launin daga cikin ruwan yake fitowa, kuma Raman ya danganta shi da yadda ƙwayoyin ruwa ke warwatsa haske. A yau an san cewa ruwa yana kuma shanye jan haske, wanda shi ma babban dalili ne na shuɗin, amma a batun cewa ba hoton sama ba ne kawai, Raman ne da gaskiya.

Bai jira ya isa gida ya huta ba. Jirgin na tsayawa a tashar Bombai ya aika wa mujallar Nature wasiƙa, ta fito a watan Nuwamba. Daga wannan tafiya ce ya karkatar da akalar ɗakin gwajinsa zuwa tambaya guda: me ke faruwa da haske idan ya ratsa ruwa, ko iska, ko dutse mai sheƙi?

A 1924 aka zaɓe shi ɗan Royal Society ta Landan. A shekarar ya halarci taron ƙungiyar masana kimiyya ta Birtaniya da aka yi a Toronto ta Kanada, inda aka tafka muhawara kan sabon binciken Arthur Compton, wanda ya nuna cewa hasken eksire yana canza tsawon zangonsa idan ya yi karo da ilektiron. Daga nan Robert Millikan ya gayyace shi Caltech a Amurka, ya yi wasu watanni yana koyarwa. A 1925 ya je Rasha bikin cikar makarantar masana kimiyyarsu shekara 200. Kafin ya yi babban bincikensa, manyan fannin sun riga sun san fuskarsa, sun ji shi yana magana, sun san ba ya faɗin abin da bai gwada ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. A 1926 kuma ya kafa mujallar fiziks ta Indiya, don ɗalibansa su samu inda za su buga aikinsu ba tare da jiran jirgin ruwa ya kai Landan ya dawo ba.

Fabrairun 1928

Tun 1923 wani ɗalibinsa, K. R. Ramanathan, ya lura da wani abu. Idan aka haska ruwa da haske mai launi guda, a cikin hasken da ya warwatsu akwai wani ɗan burbushi mai launi dabam. Aka zaci datti ne a cikin ruwan ke ƙyalli. Aka tace, aka sake tacewa, burbushin yana nan. Wani ɗalibin, S. Venkateswaran, wanda shi ma ma'aikacin gwamnati ne da ke zuwa bincike bayan tashi daga aiki, ya ga irin haka ƙarara a cikin gilisarin. Shekaru aka yi ana ganin abin ba a san sunansa ba.

A ƙarshen 1927 aka ba Compton kyautar Nobel. Wannan ya zaburar da Raman: in eksire na canza zango, me zai hana hasken da ido ke gani ya yi haka idan ya yi karo da ƙwayoyin sinadari? Ya sa K. S. Krishnan, wanda ya zo Kalkata tun 1920 don ya yi aiki da shi, ya ajiye komai ya koma kan wannan.

Kayan aikinsu ba su fi ƙarfin ɗakin gwajin kwaleji ba. Madubi ne ke turo hasken rana cikin ɗaki, gilashin na'urar hangen nesa ya tattara shi, a sa gilashi mai launin shuɗi-shuɗi a gabansa ta yadda wannan launi kaɗai zai shiga kwalbar da ke ɗauke da ruwan gwaji. Mai kallo yana zaune a cikin duhu har idonsa ya saba, yana duba kwalbar daga gefe ta cikin koren gilashi. Koren gilashin yana tare launin da aka shigar, don haka in hasken bai canza ba, duhu kawai za a gani. Amma sai aka ga ɗan haske. Suka gwada a ruwa iri-iri har kusan 60, ko'ina abin ya bayyana. Ranar 16 ga Fabrairu suka aika wa Nature wasiƙa da sunayensu biyu. Ranar 28 ga wata, da suka duba da na'urar rarrabe launukan haske, suka ga sabon layi a ware daga layin hasken da aka shigar. Suka koma amfani da fitilar zaiba, wadda layukanta siriri ne, abin ya fito fili.

Ga bayanin a sauƙaƙe. Haske yana tafiya ne a ƙunshi-ƙunshi da ake kira foton. Yawancin foton da suka bugi ƙwayar sinadari suna warwatsuwa ne da ƙarfin da suka zo da shi. Amma kamar ɗaya cikin miliyan goma yana barin wani ɓangare na ƙarfinsa a jikin ƙwayar, ya sa ta rawa, ko kuma ya karɓi ƙarfi daga wadda ke rawa tun farko. Wannan foton ɗin yana fitowa da launi dabam. Tunda kowane sinadari yana da salon rawarsa, gwargwadon canjin launin ya zama kamar zanen yatsa: shi ke faɗa maka ko farasitamol ne a hannunka ko alli. Wani masani ɗan Ostiriya, Adolf Smekal, ya yi hasashen haka a lissafi tun 1923, amma ba wanda ya nuna shi a zahiri.

Yadda ya kai labarin duniya

Nan ne darasin da ba a koyarwa a aji yake. Washegarin 28 ga Fabrairu labarin yana jaridun Kalkata. Ranar 16 ga Maris ya gabatar da cikakkiyar lakca a taron Ƙungiyar Kimiyya ta Kudancin Indiya a Bangalo. Yana komawa Kalkata ya rubuta lakcar, ya buga ta a mujallarsa, ya sa aka ciro kwafi 2,000, aka aika wa masana a Turai da Amurka da sauran wurare ta gidan waya. Da yawa daga cikin waɗanda suka buɗe ambulan ɗin sun san mai aikowa tun Okusfod ko Toronto ko Caltech. A Balin, Peter Pringsheim ya maimaita gwajin ya tabbatar, shi ne ma ya raɗa wa abin sunan Raman. A Amurka, Robert Wood na Jami'ar Johns Hopkins shi ma ya tabbatar.

A daidai wannan lokaci, a Mosko, wasu masana biyu, Grigory Landsberg da Leonid Mandelstam, sun ga irin wannan canji a cikin dutsen kwaz, ranar 21 ga Fabrairu, mako guda kafin ranar Raman. Amma sun tsaya ƙara tantancewa, takardarsu ba ta fito ba sai bayan watanni, lokacin duniya ta riga ta saba da sunan Raman. Manya irin su Rutherford da Niels Bohr suka gabatar da sunansa ga kwamitin Nobel. Shi kuwa ya amince da kansa har ya sayi tikitin jirgi na mutum biyu tun watan Yuli 1930, alhali ba a sanar da sakamako ba sai Nuwamba. Ranar 10 ga Disamba ya karɓi kyautar a Sitokhom, shi kaɗai.

Shi kaɗai ɗin nan har yau ana magana a kansa. Rashawan ba su samu ba, Krishnan ma bai samu ba, duk da cewa shi ya yi yawancin zaman cikin duhun. Abin da ya taimaki tarihi shi ne Krishnan ya ajiye littafin da yake rubuta abin da ya faru kullum a wancan watan, daga nan ake sanin gudummawarsa. Bai ɓace ba, ya zama ɗan Royal Society a 1940, ya kuma zama daraktan farko na babbar cibiyar gwajin fiziks ta Indiya. Amma tsakaninsa da malaminsa ta yi tsami daga baya. Masu yin furojet na rukuni, ku riƙa rubuta wa ya yi me, da kwanan wata, tun kafin a zo rubuta sunaye a bango.

Bangalo: gina wasu, da faɗa da wasu

A 1933 Raman ya bar Kalkata ya zama Ba'indiye na farko da ya shugabanci Cibiyar Kimiyya ta Indiya da ke Bangalo. A 1934 ya kafa Makarantar Masana Kimiyya ta Indiya tare da mujallarta, kuma shi ya shugabance ta har ya rasu. Taronta na shekara-shekara ba a gari guda ake yi ba, ana zagayawa da shi garuruwan da ke da jami'o'i, don matasan da ba su da kuɗin tafiya su ga masana da idonsu, su ji lakca, su yi tambaya. Raman gwani ne wajen yi wa jama'a bayani, har yaran makaranta yakan tara ya yi musu magana a kan launin furanni da sheƙin lu'ulu'u.

Cikin waɗanda suka ratsa ta hannunsa akwai Nagendra Nath, wanda tare suka fitar da bayanin yadda sauti mai saurin kaɗawa fiye da yadda kunne ke iya ji ke karkatar da haske a cikin ruwa, ilimin da yau ake sarrafa hasken leza da shi. Akwai G. N. Ramachandran, wanda ya yi fice a binciken ƙirar furotin. Akwai Vikram Sarabhai, uban shirin sararin samaniyar Indiya. Akwai Anna Mani, wadda ta zama babba a hukumar hasashen yanayi. Akwai S. Pancharatnam, wanda abin da ya gano a 1956 game da haske har yanzu da sunansa ake kiran sa.

Sai dai Raman mutum ne mai zafin kai, kuma ba a ɓoye wannan ba. A 1933 wata haziƙa mai suna Kamala Bhagvat, wadda aka fi sani da Kamala Sohonie bayan aurenta, ta nemi gurbi a cibiyar, ya ƙi ɗaukarta don kawai mace ce. Ta tsaya kai da fata, ƙarshe ya yarda bisa sharuɗɗa masu tsauri, har da zaman gwaji na shekara guda. Ta yi aikin da ya rufe bakin kowa, ta wuce Kambirij ta yi digirin digirgir, cibiyar kuma ta buɗe wa mata ƙofa. 'Yan uwa mata na sashen kimiyya da injiniya, wannan sunan ya kamata ku sani.

Ya yi rigima da Meghnad Saha da wasu manyan Kalkata. Ya gayyato Max Born, wanda 'yan Nazi suka kora daga aiki a Jamus, ya zauna Bangalo wata shida daga 1935 zuwa 1936, amma yunƙurin ba shi kujera ta dindindin ya ci tura, rikicin cikin gida ya yi ƙamari, har a 1937 aka tilasta wa Raman sauka daga shugabanci ya koma farfesa kawai. Daga baya ya shiga doguwar jayayya da shi Born ɗin kan yadda ƙwayoyin zarra ke rawa a cikin dutse mai tsari irin lu'ulu'u. Masana duniya suka auna hujjoji suka ga Born ne da gaskiya. Raman bai taɓa sakkowa ba.

A 1948 ya yi ritaya ya kafa cibiyarsa ta kansa a Bangalo, wadda har yau take ɗauke da sunansa. Ya guji kuɗin gwamnati don kada a juya shi. Indiya ta ba shi lambar girmamawa mafi girma ta Bharat Ratna a 1954. Amma a hankali ya janye jiki daga sauran masana, ya rage ɗaukar ɗalibai, a 1968 ma ya fice daga Royal Society. Yawancin ayyukansa na ƙarshe, kamar na yadda ido ke gane launi, a mujallar da shi ke shugabanta ya buga su, inda babu mai ce masa gyara nan, kuma ba su samu karɓuwa ba. Mutumin da ya taɓa gyara wa Rayleigh kuskure da ɗan gilashi a cikin jirgin ruwa ya kai matsayin da ba ya sauraron mai gyara masa. Ya rasu ranar 21 ga Nuwamba, 1970, yana da shekara 82.

Abin da ya bari

Hasken Raman yana da rauni ƙwarai, shi ya sa bayan zumuɗin farko fannin ya ɗan lafa. Sai da aka ƙera leza a 1960 ya farfaɗo. Yau da shi ake tantance magunguna da ma'adinai da tsofaffin zane-zane ba tare da an lalata su ba. Da shi ake ƙara wa saƙo ƙarfi a cikin wayoyin gilashi masu ɗaukar intanet zuwa nesa. Motar binciken Perseverance da ta sauka a duniyar Mars a 2021 tana ɗauke da na'urorin da ke aiki da wannan ilimi. A Indiya kuwa, 28 ga Fabrairun kowace shekara ita ce ranar kimiyya ta ƙasa.

Irin ƙofofin da ya bi suna nan, sun ma fi yawa. Manyan ƙungiyoyin kimiyyar haske biyu na duniya, Optica da SPIE, suna da rassan ɗalibai a makarantu, suna ba da tallafin tafiya taro, kuma a tarurrukansu, irin Photonics West da ake yi a San Faransisko, akwai bitoci na musamman ga ɗalibai kan rubuta takarda, gabatar da fosta da neman aiki. Cibiyar ICTP da ke Tiriyeste a Italiya tana shirya bitar kimiyyar haske a lokacin hunturu don matasan ƙasashe masu tasowa. A nan gida Cibiyar Fiziks ta Najeriya tana taro duk shekara. Ranar 16 ga Mayu kuma UNESCO ta ware ta ranar haske ta duniya, wadda ƙungiyar ɗaliban kowane sashe za ta iya raya ta da lakca da 'yan gwaje-gwaje ko da a aji guda ne.

Ba sai kana da biza za ka fara ba. Idan an kafa sanarwar taron ƙara wa juna sani a sashenku, ka shiga ko da ba a ce za a ɗauki sunaye ba. Ka karanta wani abu game da baƙon kafin ya zo, ka shirya tambaya guda mai ma'ana, in an tashi ka gaishe shi ka faɗi sunanka da abin da kake yi a furojet cikin jimla biyu. Ka karɓi imel ɗinsa, kuma ka rubuta masa kafin mako ya zagayo. Idan furojet ɗinku ya ba da sakamako, ku roƙi malamin da ke duba ku ya taimaka a mayar da shi fosta ko takarda, maimakon ya ƙare a kan kanta a ofishin shugaban sashe. In kuma wani ya tashi a taro ya ce lissafinku da gyara, ku rubuta abin da ya faɗa, ku koma ɗakin gwaji ku sake aunawa.